Cigiyar Farar Kulu

Turai ta ɗauki fara guda ta kai baki ke nan, don ta ji ko gishiri ya kama, sai Mode mijinta ya buge mata hannu. Ba ƙaramin bugu ba, sai da munduwarta ta yi ƙara, farar ta faɗa cikin toka. Kafin ta buɗe baki ya sa ƙafa ya kifar da ƙwaryar gaba ɗaya, ya cire hula ya shiga korar kaji yana haki.

"Mi niy yi maka?" in ji Turai. Shekara goma sha ɗaya suna tare bai taɓa ɗaga mata ko murya ba, duk da cewa ɗaga murya ce sana'arsa.

"Wa yak kawo hwarag ga?"

"Inna Kulu ta. Da sahe tat tahi hwadama tak kwaso, tat tahwasa, tar raba ma mutane su shanya."

"Gina rami ki bizne ta. Ko kaza kar ta taɓa." Ya waiga ya dubi danga, ya rage murya. "Guba ta."

Turai ta tsaya tana kallonsa. Mode shi ne mai shelar garin, kamar yadda ubansa ya yi kafin shi. Shekaranjiya da fara ta sauka a fadamar da ke tsakaninsu da Taloka, ta rufe dawa har kara yana karyewa, wani Bature ya zo bisa doki da malaminsa mai jar dara, da jakuna ɗauke da buhunan dusa. Aka tara maza suka barbaɗa dusar nan a gonaki. Da la'asar Mode ya zaga gari, Turai tana tankaɗe ta ji shi da kunnenta: mai gari yana gaishe ku, ya ce a gaya muku an sa maganin fara a fadama, kowa ya ɗaure akuyarsa da jakinsa kwana uku. Iyakar shelar ke nan.

"Guba? Kai da bakinka kac ce magani."

"Abin da anka ba ni shi nih hwaɗi."

"Amma ka sani."

"Ina tsaye cikin zaure malamin yac ce ma mai gari kar a ambaci guba. Wai in anka ambata, mutane ba su bari a zuba musu ga gona."

"Kwana biyu tana cikin cikinka, kana zuba tuwona bisanta!"

Ba ta jira amsarsa ba. Ta tattare zane ta bi ta ɓarakar dangar da ke tsakanin gidansu da na Kulu, ɓarakar da ƙafafunsu biyu suka daɗe da mayarwa ƙofa.

Kulu tsohuwa ce da ke zaune ita kaɗai. Mijinta ya daɗe da rasuwa, 'yarta guda tana aure can Rabah. Ba ta da gona, daji ne gonarta. Ita ke kawo tafasa da yaɗiya da gasaya tun kafin kowa ya san sun fito, ita ke shiga tafki har gwiwa ta ciro bado, ta dawo da farin furensa soke a ɗankwali kamar wata budurwa. In ta ce shamuwa ta fara ɗaukar kara, maza su gyara fartanya ko da sama fes take. Ta san inda fakara ke ƙwai ba ta taɓa gaya wa kowa ba. A cikin ɗakinta zanzaro ya yi gida uku jikin bango, kuma duk wanda ya kai hannu zai fasa, ranar zai san Kulu tana da baki. Lokacin da aka kawo Turai daga Lahodu ba ta san kowa ba, tsohuwar nan ce ta kama hannunta ta nuna mata wace ciyawa ake ci, wace ke kashe akuya.

Yanzu ga ta kwance a gefen murhu, ta dunƙule, ɗankwali ya zame. Ta yi amai har sau nawa, ƙudaje sun taru. Tukunyar da ta tafasa farar tana nan bisa duwatsu da sauran ruwa ja a ciki.

"Inna!"

"Turai, ruwa. Maƙoshina wuta."

Turai ta tallabe kanta ta ba ta ruwa. Bai zauna ba. Ta ruga gida ta tatso akuyar nan da shela ta ce a ɗaure, ta dawo da madarar da ɗuminta ta ɗura mata. Ita ma ba ta zauna ba.

"Kin ci da yawa?"

"Mai dahuwa ba ta ɗanɗanawa? Tun hantsi nika ci." Kulu ta numfasa. "Kwance na ishe su, Turai, ƙasa ta yi ja. Ba kora, ba tashin asuba, kwasa kawai. Nic ce yau Allah ya tuna da tsohuwa."

"Guba anka zuba, Inna. Mode yah hwaɗa mini yanzu."

Tsohuwar ta kafa ido a kan rufin rumfa. Can ta ce, "Na ga balbela biyu kwance bakin kududduhi. Na ga shirwa ƙasa tana tangaɗi, na zo dab da ita ba ta tashi ba. Nic ce ƙoshi na." Ta yi wata 'yar dariya da ta zame mata tari. "Ni Kulu, shirwa ta gaya mini, ban ji ba. Ai magani anka ce."

To, wa ke gudun magani? A garin nan kowace shekara ana sa wa gona magani. Malam ya yi rubutu a wanke a yayyafa a kusurwa huɗu, a rataya laya a kan kara don tsuntsayen jan baki, a yi turare don tsutsa. Ba a taɓa jin wanda ya ci geron da aka yi wa magani ya kwanta ba. Da aka ce a ɗaure dabbobi, kowa ya ɗauka don kada su tattake aikin ne su karya shi. Kalmar da za ta raba wannan da wancan tana nan, ƙanƙanuwa, yaron goye ma ya san ta, aka zauna cikin zaure da rawuna aka cire ta. Akuya aka tuna, jaki aka tuna. Zuciyar Turai ta yi baƙi ƙirin.

Kulu ta damƙe mata zane. "Ƙwarya tara na raba."

"Wa da wa?"

"Ke. Ma'u ta gidan liman. Habi mai daddawa." Ta tsaya, ciwon ya murɗe ta, ta haɗa gwiwa da ƙirji. Da ya sake ta, sunayen sun watse. "Dut wadda tab biyo ta ƙohwa sai in ɗiba in ba ta. Ƙoraina dai tara na, na san abina. Ba ko guda ga rataya."

Turai ta ɗaga kai ta dubi rana. Ta gota tsaka kaɗan. Farar da aka tafasa shanya ta ake yi a tabarma, in ta sha rana zuwa la'asar a soya da mai da barkono, a ci kafin tuwo. Yanzu haka tana nan baje a tsakar gidaje, yara suna kewaya ta suna jiran uwa ta juya baya.

"Mode!" Ta kwarara masa kira ta saman danga, irin kiran da mace ba ta yi wa miji da sunansa, balle maƙwabta na ji. Ya shigo yana sunkuyar da kai, ya tsaya nesa da aman.

"Sannu, Inna."

"Bar sannu," in ji Turai. "Hita yanzu ka gaya ma gari guba ta. Gida takwas na da hwarag ga, ban san ko waɗanne ba. Wasu ma na can hwadama suna kwasa."

"Turai, shelar mai gari ba a ƙara mata, ba a rage ta. Bakina aro na. Kin san abin da anka yi ma kawuna da yaƙ ƙara kalma guda zamanin aikin hanya? Gaban kasuwa dogarai sunka kwantar da shi."

"Ya mutu?"

"Bai mutu ba."

"To dubi wagga."

Bai duba ba. Ya ce zai je ya nemi izini, ya fita da sauri kamar wanda aka sauke wa kaya. Turai ta bi bayansa da harara. Mutumin da in ya tsaya gindin tsamiya ya buɗe maƙogwaro sai jemagu sun tashi, yau shi ne ke tafiya neman a ba shi aron kalma.

Ta zauna da Kulu. Ta share wurin da toka, ta canza mata zane sau biyu, don cikin ya ɓalle ta ƙasa ma. Ta jiƙa tsamiya, ta dafa ganyen sabara, duk abin da tsohuwar ta taɓa koya mata ta gwada, ba wanda ya wuce maƙoshi ya zauna. Ƙafafun Kulu suka fara sanyi, tana ta kiran ruwa. Sau uku Turai tana miƙewa za ta bi gida-gida da kanta, sau uku hannun nan yana riƙe mata zane, kuma ko ta fita wace ƙofa za ta fara bugawa a gari mai gida fiye da ɗari? Ta leƙa waje ta ga wata mata da tulu, ta aike ta gidan liman da gidan Habi. Saura shida.

Inuwar rumfa ta yi tsawon mutum kafin Mode ya dawo. Tun daga tafiyarsa ta san amsar.

"Mai gari yac ce shi ma ba tashi ba ta. Malamin ya wuce Goronyo, jibi shika dawowa. Yac ce a jira."

"A jira."

"Yac ce a gaishe da Inna, Allah shi ba ta lahiya."

Turai ta miƙe tsaye. Abin da ta gaya masa a wurin nan ba duka ne zai faɗu ba. Ta ce masa kakaki ma ya fi shi, don kakaki ba ya komawa gida ya hana matarsa cin abin da ya bar wa gari. Ta ce da malamin, da mai gari, da Baturen da ko sunan garin bai tambaya ba, da shi Mode, Allah ya isa. Ta ce in bai fita ba ita za ta fita ta hau turmi a bakin kasuwa ta yi masa aikinsa, gobe ya ga da wace fuska zai zauna a ƙofar masallaci. Mode yana tsaye yana murza hula, gumi yana bin gemunsa. Tsoro ne fal cikinsa, kuma ganin tsoron ya ƙara mata wuta.

"Ku bari." Muryar Kulu ta dusashe, sai da suka matso. "Mode, zo nan. Duƙa."

Ya durƙusa.

"Bara da tunkiyar Atiku taɓ ɓace, wa yay yi cigiya?"

"Ni, Inna."

"Mai gari ka tambaya?"

"A'a. Cigiya ta kowa ta. Mai abu ka ba ni magana in hwaɗi."

"To ni ma abina ya ɓace. Buɗe kunne, kar ka ƙara, kar ka rage, tunda kai haka kake." Ta haɗiyi yawun da babu. "Ka ce Kulu na cigiyar hwaratta. Dut wanda tab ba hwara yau shi maido mata cikin ƙwaryatta, ko guda kar a ci. Ka ce ita ta ci, ga ta can kwance."

Mode ya maimaita mata sau ɗaya, kamar yadda yake yi a gaban mai gari. Ta gyaɗa kai. Ya sa hula ya fita.

Ba a jima ba suka ji shi daga ƙofar masallaci. Muryar nan dai ita ce, ba abin da ya rage ta. "Jama'a, cigiya, cigiya! Kulu na cigiyar hwaratta!" Kurciyoyin da ke kan bagaruwar gidan suka tashi fir. Kulu ta lumshe ido tana saurare har ya kai ƙarshe, ta ce, "Bai rage ba." Turai kuwa kunnenta wata kalma yake jira. Ta ji shi a bakin kasuwa, ta ji shi a gindin tsamiya, ta ji shi can nesa a bakin rijiya, wurare huɗun da ubansa ya gada ya bar masa. A kowanne ta ce yanzu zai faɗa, yanzu zuciya za ta ci shi ya ƙara. Bai ƙara ba.

Amma mata ba wawaye ba ne. Wanda ya ji an ce mai dahuwa ta ci ta kwanta, ya san sauran. Ma'u ce ta fara shigowa da ƙwarya a hannu, tana salati, sai Habi, sai wata amarya daga unguwar maƙera da ta haɗo har da tabarmar. Kowace ta dire tata a bakin rumfa ta matsa ta duba Kulu, ta ja da baya tana share ido. Wata ta ce ɗanta ya saci biyu, an ɗura masa man shanu ya amayar. Wani mutum ya hau jaki ya nufi fadama ya koro masu kwasa.

Kulu ba ta ƙara magana mai tsawo ba. Ta nemi a juya ta ta fuskanci gabas, aka juya ta. Ta ce a aika Rabah. Can da la'asar ta yi sanyi, wasu cilakowa biyu suka sauka kan danga suna kukansu, ta buɗe ido ta ce wa Turai, "Sun zo shan ruwa. Kaskon na bayan ɗaki." Turai ta ce za ta zuba. Ma'u tana karanta wa Kulu kalmar shahada a kunne, leɓen tsohuwar yana bi, har ya daina bi.

Aka yi abin da ake yi. Mata suka ɗora ruwa, maza suka tafi gina kabari don a kai ta kafin rana ta faɗi. Masu shigowa kowa da abin da yake faɗa, kuma duk abu guda ne: kwana ya ƙare, haka Allah ya so, sai haƙuri. Turai ta san gaskiya ne, ba ta musa wa Allah ba. Amma duk wadda ta ce mata kwana ya ƙare sai ta ji kamar ta kama ta ta girgiza. Da mai gari ya aiko da ƙyallen likkafani, ita aka miƙa wa, ta ƙi karɓa, sai Habi ce ta karɓa tana ƙifta mata ido.

Da aka fita da gawar, gidan ya rage sai mata zaune jigum a tabarmi. Turai ta ɗauki fartanya ta haƙa rami mai zurfi a bayan ɗaki, ta riƙa ɗauko ƙoran nan tana juyewa, tana kife kowace a gefe. Ta haɗa da tata da Mode ya kifar. Ta bi su da yatsa. Ta sake bi. Takwas.

"Wa yar rage?" ta tambayi matan. "Tara tac ce."

Aka dubi juna. Wata ta ce ƙila tsohuwar ta ruɗe ne da zafin ciwo. Turai ta ce Kulu ba ta ruɗewa a kan ƙoranta. Ta fita zaure inda maza suka fara dawowa daga maƙabarta, ta tsaya daga ciki ta kira Mode, ya taso.

"Ina da ina kay yi cigiya?"

"Inda aka yi. Wuri huɗu."

"Tungar masunta hwa?"

Tungar tana can bakin gulbin Rima, bayan gonakin albasa, bukkoki ne da ba su kai goma ba. Shela ba ta taɓa zuwa can ba, su ke jin labari in sun kawo kifi kasuwa.

"Ba a zuwa can," in ji shi, a hankali.

Tana shirin ba shi amsa sai ga sallama daga ƙofar baya, murya a sake, har da 'yar dariya. Hassana ce matar Isa masunci, da tsohon cikinta a gaba, ta biyo ta hanyar lambu, shi ya sa ba ta ga taron maza ba. Tana riƙe da ƙwarya rufe da faifai.

"Inna na ciki? Na kawo mata ƙwaryatta." Ta dubi matan da ke zaune, dariyar ta fara ragewa. "Lahiya kunka taru haka?"

Turai ta taka ta isa gabanta, ta karɓi ƙwaryar da hannu biyu. Ba nauyi. Ta ɗaga faifan. An wanke ta tas, an ɗora ganye a ciki, bisa ganyen ga ƙananan karfasa uku da aka banda, don ba a mayar da ƙwaryar maƙwabci wayam.

"Ba mu bari ta bushe ba," in ji Hassana. "Isa yac ce a soya hakanan. Shi da yara har suna hwaɗa bisa kasko." Ta sa bayan hannu ta share gumin leɓenta, ta nemi gefen turmi ta zauna. "Don Allah a ɗan ba ni ruwa. Tun hanya maƙoshina ka zahi."

Habi ta tashi ta ɗauki moɗa ta nufi randa. Turai tana nan tsaye inda take, da ƙwaryar a ƙirjinta. Kifin da sauran ɗuminsa.